Dardumar Gulizar

A Kars dusar ƙanƙara ba ta sallama,
da asuba kawai za ka tarar ta kwana a ƙofa.
A irin wannan safiya Nehir, jikata, ta yi tuntuɓe,
ruwan rumman ya malale tsakiyar darduma,
ja ya hau kan ja, amma kowa da danginsa.

Ta tsaya tana kallona, leɓe na rawa.
Na ce, kawo farin tsumma da gishiri.
Kada ki goga. Guga na kora tabo can ƙurya.
Danna kawai, ki ɗaga, ki sake dannawa,
daga gefe ki nufo tsakiya,
kamar mai lallashin akuya ta fita daga gona.
Ruwan sanyi, cokali guda na khal,
kumfar sabulu, ban da sabulun kansa.
Haka kakarki ke cewa. Ni a lokacin
jarida nake karatu, ashe kunnena na tsintar zance.

Da tabon ya ja da baya sai idona ya faɗa
kan ramin da garwashi ya ci kusa da murhu,
wanda na rufe da ƙafar kujera hunturu biyu.
Shekara talatin ina gyaran layin dogo,
yatsuna sun san guduma, ba su san allura ba.
Amma kunya ta fi sanyi cizo.

Sabiha maƙwabciya ta ba ni ulu daga tsohon buhu,
na tafasa shi da ɓawon albasa har sau uku
kafin launin ya yarda ya yi kama da ɗan'uwansa.
Na datse ƙonannen gashin da almakashi,
na kifa dardumar, bayanta ya kalli rufi.
Nehir ta riƙe fitila, ni ina ƙirga:
zaren tsaye bakwai, abawa tara sun tsinke.
Na ɗinka sababbi, na ja, na ƙulla,
ƙulli ɗaya, in yanke, ƙulli ɗaya, in yanke,
na farko ya karkace, na biyar ya fara jin magana.

A nan ne, taki ɗaya daga inda nake aiki,
yatsana ya ci karo da wani tudu.
Faci ne. Tsoho. Faɗin tafin jariri.
Ta gaba ba ya ganuwa ko da rana tsaka,
ta baya ne kawai ya tona kansa.
Na san wurin. Nan tabata ta faɗi
daren da na dawo a gajiye, watan aurenmu na huɗu.
Na ja matashi na rufe, na yi gum.
Ita ma ta yi gum, shekara arba'in da ɗaya.
Yaushe ta zauna? Da wace fitila?
Ina ina barci?

Nehir ta ce, Kaka, hannunka ya tsaya.
Na ce, zaren ne ya sarƙe.

Washegari muka fitar da ita tsakar gida,
muka kifa fuskarta kan dusar da ba a taka ba,
muka yi ta bugu da sandar tsintsiya.
Da muka ɗaga, ƙurar shekaru ta zauna a ƙasa,
hoton darduma, toka-toka, a kan fari.
Launuka suka farka: shuɗin, da jan, da tsuntsayen gefe.

Saura guda, can kusa da geza,
ruwan ƙasa, kamar taswirar ƙaramin tafki.
Nehir ta ɗauko khal da tsumma, ta durƙusa,
yanzu ta zama gwana.
Na riƙe mata hannu.
Shayi ne, na ce. Na makon ƙarshe,
lokacin da kofi ya fara yi wa kakarki nauyi.

Ta dube ni, ta dubi tabon,
ta mayar da murfin kwalbar.
Muka kama kusurwa bibbiyu, muka shiga da ita ciki.